Mai Wankin Hula da Mangwaron Keana

Duk wanda ya zauna a unguwar Bukan Sidi lokacin da Lafia take ƙarƙashin jihar Filato ya san Malam Babandi mai wankin hula, ko bai san sunansa ba ya san rumfarsa. A bakin titi take, huluna jere a gabanta kan itatuwansu suna shan rana, zanna da damanga da kube, kowacce ta miƙe ƙyam saboda ruwan ƙaro. Tsabtarsa har ta so ta yi yawa, taurin kansa kuwa ba a magana. In ya ce hularka sai gobe, to ko ɗaurin aurenka ne yau sai dai ka tafi da kai a buɗe. Amma fa wannan a waje ne. A gida matarsa Sailuba ce mai magana, shi nasa bai wuce "to" ba, kuma bai taɓa jin hakan ya rage shi da komai ba.

Sailuba 'yar garin Keana ce, 'yar ƙabilar Alago, 'yar gidan masu dafa gishiri. A tsakar gidan ubanta akwai wani mangwaro da ba a san irinsa ba a duk yankin. Ba shi da zare, fatarsa ba ta yin ja, ko ya nuna kore ne da ɗan ruwan ɗorawa a kumatu, amma in aka yanka ɗaya sai maƙwabta su sani. Shekarar da tsohon ya rasu, da ta je zaman makoki, sai ta yanko ɗan tsiron reshe ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta taho da shi. Wani tsoho mai lambu ya yi masa aure da mangwaron gidansu na Bukan Sidi, wato ya tsaga reshen wannan ya cusa na wancan ya ɗaure, har Allah ya sa ya kama. Ba a daɗe ba wutar 'yan farauta ta shigo bayan garin Keana ta cinye uwar bishiyar ƙurmus. Ka ga ke nan duk duniya abin da ya rage na mangwaron uban Sailuba reshe ɗaya ne, a jikin bishiyar da ba tasa ba.

Reshen nan ya ja mata rai ƙwarai. Shekara da shekaru sai ya yi fure ya zubar, ko ya ɗaura 'ya'ya kamar ƙwayar gyaɗa iska ta kakkaɓe. Sai a shekarar da ciwon yanar ido ya rufe idanun Sailuba, har ta daina gane fuskar mutum in bai yi magana ba, a shekarar ne ya ga dama ya riƙe 'ya'yansa, ya yi nauyi har ya sunkuyo. Kuma a daidai lokacin ne autarsu Jumai, da take aure a Kano, ta zo ta ce ba za ta koma ba sai da uwarta, a je asibitin ido a yi mata aiki.

A tasha, bayan ta zauna a motar Mahmuda direba mai zuwa Kano, Sailuba ta lalubo hannun mijinta ta taga.

"Malam, ka kula mini da reshen nan. Kada ka bari a tsinka ɗanye, ka bar shi ya nuna a sama. Ni dai ko ɗaya ne in sha."

"To," in ji Babandi.

"Kai komai to. Ka dai ji ko?"

"Na ji. Kafin ya nuna ma kin dawo."

Haka kowa ya zata, shi ma da zuciya ɗaya ya faɗa.

Ruwan farko na Lafia ba ya zuwa da sallama. Da la'asar ne hadari ya taso daga gabas, iska ta yi gaba, Babandi na can rumfa yana tsere da ita wajen kwashe hulunan mutane. Da ya iso gida ruwa ya ɗauke, tsakar gida duk ganye, reshen Sailuba kuwa yana ƙasa. Daidai wurin auren ya tsage, nauyin 'ya'yansa ya taya iska. Babandi ya tsaya a kansa da rigarsa jiƙe, bai san lokacin da ya zauna a cikin taɓo ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da ta tafi.

Ya yi abin da ya iya. Ya ɗaga reshen ya mayar, ya ɗaure da igiya, ya liƙe da yumɓu, ya tokare da gwafa. Ina! Ganyen ya fara lanƙwashewa yana kallo. Tsohon mai lambun ya daɗe da rasuwa, kuma lokacin da wani ya ce masa ai da ya yanki tsiro an sake aurawa, tsiron ya riga ya bushe. Abin da ya rage kawai 'ya'yan ne, cikin kwando guda, sun ƙosa amma ba su nuna ba. In suka ƙare, shi ke nan an gama da mangwaron Keana, don ƙwallon ɗan aure ko an shuka shi ba ya fito da irin uwarsa.

Mahmuda direba ya dawo da saƙo: ba a yi aikin ba, an ce jinin Sailuba ya hau, sai ya sauka tukuna, kuma Jumai ta ce kada a aiko da wani labari mai tayar da hankali. Babandi ya buɗe baki zai yi maganar reshe, ya rufe. Mahmuda mutumin kirki ne, amma bakinsa ba shi da murfi, abin da ya ji a Lafia da safe yana Kano kafin magariba. Aika mangwaron ma ba zai yiwu ba. Sailuba na taɓa shi ta ji ɗanye za ta ce wa ya tsinka, me ya sa aka tsinka, daga nan jinin da ake lallashi ya sake tashi.

"Ka ce mata gida lafiya," in ji shi. "Ka ce mangwaro yana nan yana jiran ta."

To, ya faɗa. Saura ya sa mangwaron ya jira, shi kuwa mangwaro a zafin Lafia ba ya jiran kowa.

Washegari yana zaune a rumfa yana dama ƙaro a roba, kwandon na gefensa don ya kasa barin shi a gida, sai ya lura fatar wasu ta fara sakin jiki. Ya duba su, ya duba hular da ke hannunsa. Shi dai a saninsa duk abin da ya saki jiki ƙaro ne maganinsa. Hula ta zo masa a yamutse, ta sha gumi ta sha ƙura, ya wanke ta, ya tsoma ta a ƙaro, ya ɗora a itace, rana ta buge ta, ta tashi kamar yau aka ɗinka. Ƙaro yana toshe ƙofofin zare, iska ba ta ratsa shi yadda ta ga dama. To me zai hana ya toshe na fatar mangwaro, ruwan jikinsa ya zauna a ciki?

Tunanin ba laifi, wallahi ba laifi. Inda aka samu matsala shi ne mutumin nan bai san wata hanyar aiki da ƙaro ba sai ta hula. Ya dama shi da kauri, irin wanda yake yi wa hular ango. Ya zaɓo manya-manyan, kusan rabin kwando, don a ganinsa su suka fi cancanta, ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya har suna ɗiga. Sannan, Allah ya ba mu haƙuri, ya jera su a kan itatuwan hula a tsakiyar rana, kowanne a kan nasa, yana juya su yadda kowane gefe zai samu. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo. Wani ya tambaye shi nawa ne wankin mangwaro, bai ko ɗaga kai ba.

Da yamma suka yi ƙyalli abin sha'awa, har ya ji ransa ya ɗan yi sanyi. Ya kai su gida ya ajiye. Kwana kaɗan sai ɗakin ya ɗauki wani irin wari. A waje suna nan sumul, ba tabo ba yamutsa, amma da ya yanka ɗaya sai ga cikin ya yi ruwa-ruwa, launinsa ya dushe, yana tashin tsami kamar burkutu. Ya yanka na biyu, haka. Na uku, haka. Bai yanka sauran ba, ya san abin da ke ciki.

Iveren ce ta same shi a haka. Iveren 'yar ƙabilar Tibi ce, mai sayar da lemo da mangwaro da ayaba a tebur kusa da rumfarsa, sun yi shekaru suna maƙwabtaka suna faɗa a kan ruwan wankinsa da ke gangarowa ƙarƙashin teburinta. Ita da Sailuba kuwa aminai ne, har gishirin Keana Sailuba take kawo mata. Da ta ga rumfa a rufe har hantsi, abin da bai taɓa faruwa ba, sai ta biyo shi gida. Hausarta irin ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinta, amma ba a taɓa kasa gane abin da take nufi ba.

Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ajiye, ta dube shi.

"Baba mai hula, wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa."

"Na gani. Ka sa shi a rana?"

"Ai sai da rana ƙaro yake kamawa."

Ta so ta yi dariya, har kafaɗunta sun fara rawa, sai ta ga idanunsa sun yi ja. Ta jawo turmi ta kife ta zauna.

"Baba, mangwaro ba hula ba ne. Ko ka cire shi daga itace yana da rai, yana numfashi. Kai ka toshe masa hanci, ka kuma dafa shi a rana. Ko ni aka yi wa haka zan yi tsami." Ta leƙa kwandon da sauran suke. "Wannan na Mama ne? Na garinsu?"

Ya gyaɗa kai. Ya gaya mata komai, da reshen da jinin da saƙon da ya ba Mahmuda. Bai saba yi wa mace bayani mai tsawo ba in ba matarsa ba, amma ranar ya yi, don abin ya yi masa nauyi shi kaɗai.

Iveren ta ce a garinsu in lemo ya yi yawa mota ba ta zo ba, ganyen dogon yaro suke shimfiɗawa a kwando, su jera, su sake rufewa da ganye, su kai inuwa. Ɗacinsa yana korar ƙwari, yana kuma hana baƙin tabon nan da ke fara cin mangwaro daga wajen kara. Wasu ma tafasa ganyen suke yi da 'yar citta, in ya huce su wanke kayan da shi. Yana ƙara kwana, amma ba ya hana fata yamutsewa.

"Ƙaro yana hanawa," in ji Babandi a hankali. Taurin kan yana nan, bai mutu ba. "Kin ga waɗannan, ko ɗaya bai yamutse ba."

Ta sake ɗaukar ruɓaɓɓen ta juya shi a hannu. Gaskiya ne, fatar tana nan kamar jiya aka tsinka.

"To ka rage shi. Ka yi shi kamar ruwa. Kada ka yi na ango, ka yi na talaka."

Nan tsakar gida suka yi aikin, ita tana ba da umarni yana cewa "to", abin da ya riga ya iya. Ya hau dogon yaron ƙofar masallaci ya karyo ganye, tsoho da shi, mutane na ce masa ya sauko. Suka tafasa da citta, suka tace da ƙyallen tace kamu, suka bari ya huce sarai. A cikin ruwan ya jiƙa ƙaron, ɗan kaɗan, yana gwadawa tsakanin yatsu biyu har sai da ya ji yana kamawa da ƙyar. A nan kam Iveren ta bar shi, don yatsun nan sun san ƙaro fiye da yadda ta san lemo. Bai tsoma ba wannan karon. Tsohon rawaninsa ya yaga, ya riƙa shafa wa kowanne a hankali, ya bi wajen karan da kyau, ya ajiye a tabarma cikin zaure inda iska ke ratsawa rana ba ta shiga. Da suka sha iska sai ga wani ɗan sheƙi mara ƙarfi, wanda sai ka karkata shi ga haske za ka gani.

Suka shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro a tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki, suka jera su ba mai taɓa wani, suka rufe da faifai. Babandi ya kai tukunyar ɗakin Sailuba, bayan randa, inda ƙasa take da sanyi kullum.

Daga ranar rayuwarsa ta koma tsakanin rumfa da bayan randa. Da safe kafin ya fita sai ya buɗe faifan, ya ɗauki kowanne ya juya, ya shinshina, ya danna da tafin babban yatsa kamar mai taɓa kan jariri. Da azahar ya dawo ya yayyafa wa ƙasa ruwa. Hulunan mutane suka fara makara, mutumin da bai taɓa saɓa alkawari ba. Wani ɗan kasuwa ya yi masa faɗa, ya ba shi haƙuri, har ɗan kasuwan ya tsorata ya tambaya ko lafiya.

Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin mamakin. Iveren ta kawo mangwaron teburinta na tsinkar rana ɗaya da nasa don a gwada, nata ya nuna ya yi baƙi ya tafi bola, na cikin tukunya suna nan kore, da ƙarfinsu. Ta riƙa kawo 'yan'uwanta mata masu tebur suna leƙawa, yana hana su taɓawa. Amma jinkiri ne kawai, Babandi ya san haka. Ƙaro da dogon yaro ba su hana nuna ba, rage mata sauri suka yi. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, sai ɗaya ya fara laushi, ƙanshi ya cika ɗakin.

Ya daɗe da shi a hannu. Bai iya sha ba, ko kusa. Bai kuma iya barin shi ya ruɓe ba. Sai ya sa shi a aljihu ya tafi masallaci, bayan sallah ya miƙa wa wani tsoho baƙo da ke zaune a bakin ƙofa, ya ce sadaka ce, a yi wa wani bawan Allah na Keana addu'a. Haka ya riƙa yi da duk wanda ya nuna. Yana dawowa ya buɗe tukunya ya ga wurin da ya zama fili, sai ya matsar da sauran don kada filin ya yi yawa a ido.

Duk ranar da motar Mahmuda za ta shigo yana tasha. Saƙon farko, jini ya fara sauka. Na biyu, an sa rana. Na uku, an ɗaga, likita ya yi tafiya. Kowane saƙo kuma da wutsiyarsa: Mama ta ce yaya reshenta?

"Ka ce yana nan," in ji Babandi, yana kallon tayar mota.

Ranar da Mahmuda ya zo da labarin an yi aikin, an dace, amma sai ta ƙara kwanaki a kwance kafin a sallame ta, sannan ta huta a gidan Jumai kafin ta iya doguwar hanya, guda biyu ne suka rage a tukunya. Babandi ya yi hamdala har da hawaye a tsakiyar tasha, bai ji kunyar kowa ba. Sannan ya koma gida ya buɗe faifai, ya danna. Dukansu sun fara amsa yatsa.

Ya fito ya sami Iveren a teburinta.

"Ba za su kai ba," in ji shi.

"Ba za su kai ba," ta ce. "Ka yi ƙoƙari, Baba. Mama ba zai yi fushi ba."

"Na san ba za ta yi ba. Shi ya sa."

Ta dube shi, ba ta gane ba. Ya shiga rumfa ya sauke hulunan da suka bushe, ya jera su a kwali, ya ce mata gobe Kano za shi, duk wanda ya zo ta ba shi tasa, wanda tasa ba ta fito ba ya yi haƙuri. Iveren ta riƙe haɓa. Mutumin nan tun da take ba ta taɓa jin ya wuce Akwanga ba, mota ma juwa take sa shi.

Da asuba ya shafa musu ruwan ƙaro na ƙarshe a wajen kara, ya naɗe kowanne da ganye, ya rasa abin da zai sa su a ciki wanda ba zai matse su ba. Sai ya ɗauko hularsa ta zuwa Juma'a, mai tauri, ya zuba su ciki, ya rufe da hankici. Haka ya shiga motar Mahmuda, tsohuwar hula a ka, sabuwa a cinya, ya rungume ta da hannu biyu. Mahmuda ya ce a sa a but ɗin mota, Babandi ya yi masa wani kallo, Mahmuda ya rufe but ɗinsa.

Hanyar ta ba shi wuya. A hawan dutsen da ke gaban Akwanga juwa ta kama shi, ya runtse ido yana salati, amma hannunsa bai saki ba. Sanyin Jos ya yi masa daɗi saboda mangwaron, har ya ɗaga hankicin don su sha. Bayan nan zafi ya dawo, mota ta faɗa wani rami, matar da ke gefensa ta faɗo masa da buhunta. Da ya duba, ɗaya ya fashe a gefe, ruwa na bin ganye. Ya ba ɗiyar matar, ya juya fuska ga taga har ta gama sha. Ƙanshin ya cika motar, kowa na tambaya wane iri ne wannan, a ina ake samu. Ya ce ba a samu.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Mahmuda ya sauke shi a ƙofar asibitin ya nuna masa ɗakin mata. Jumai ce ta fara ganin shi, tana wanke kwano a bakin famfo. Ta saki kwanon.

"Baba? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Ina uwarki?"

Sailuba na zaune a gado an jingina ta da matashi, ido ɗaya a rufe da auduga da filasta, ɗayan kuwa wanda ba a taɓa ba tukuna, haske kawai yake gani. Ta rame, wuyanta ya fito. Babandi ya tsaya a bakin gadon da hula a hannu, duk maganar da ya shirya tun daga Lafia ta gudu. Ya ji tausayinta, ya ji kewarta da ya yi ta dannewa ta taso masa gaba ɗaya.

Bai yi sallama ba tukuna ta ɗaga kai. Hancinta ya motsa.

"Jumai, wa ya shigo da mangwaro?" Ta sake shinshinawa. Muryarta ta sauka. "Wannan ai na gidanmu ne."

"Ni ne, Sailuba."

"Malam? Kai ne a Kano?" Ta miƙo hannu, ya ba ta nasa, ta riƙe ta shafa yatsun. "Ka shiga mota tun daga Lafia? Kai?"

"Na shiga."

Ya zauna a bakin gadon, ya warware ganyen, ya sa mata a tafin hannu. Ta juya shi a hankali. Ta shafa fatar, ta ji santsin da ba na mangwaro ba, ta kai hanci ta ji ɗacin dogon yaro a bayan ƙanshin. Yatsanta ya je wajen karan ya tsaya. Karan ya bushe ƙayau, bushewar abin da ya daɗe da barin itace, kuma ba yankan wuƙa ba ne a jikinsa. Matar da ta girma a ƙarƙashin bishiyar nan ba ta buƙatar ido don ta karanta wannan.

"Guda nawa ka kawo?"

"Shi ke nan."

Ba ta tambayi sauran ba. Ta ce wa Jumai ta wanke shi ta kawo wuƙa. Babandi ya karɓi wuƙar ya yanka gefe ɗaya da kansa, zuciyarsa na bugawa, don tun ranar burkutun nan bai sake ganin cikin ko ɗaya da idonsa ba. Wuƙar ta shige sumul. Cikin ya fito ruwan ɗorawa mai duhu, ba tabo, ba tsami, ya nuna daidai yadda ake so. Matan da ke sauran gadajen suka juyo.

Ta kai baki ta gutsira kaɗan. Ba ta tauna ba, ta bar shi a kan harshe. Sai ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da yaren Alago, wadda Jumai ba ta ji ba, Babandi kuwa kalma ɗaya ya tsinta a ciki, wadda ake kiran uba da ita. Hawaye ya gangaro daga idon da ba a rufe ba. Jumai ta ce Mama an hana ki kuka, ta ce ba kuka take yi ba.

Babandi ya ga ba zai iya ci gaba da riƙe abin ba. Ta sha, alkawari ya cika, saura gaskiya.

"Sailuba," in ji shi, "reshen nan..."

Ta ɗaga hannun da ruwan mangwaro ke bi har gwiwa.

"Bari in gama, Malam. In na gama sai ka faɗa mini."

"To," ya ce.

Ta sake gutsira, ƙarami fiye da na farko. Ya gyara zama a bakin gadon, ya riƙe mata sauran a hannu, yana kore ƙuda da hankici. Aka kira sallah a wani masallaci can waje, masu jinya suka fara fita da butoci, ita kuwa ko rabin gefe ɗaya ba ta kai ba. Bai ce ta yi sauri ba.